Tambayoyi da amsoshi akan auna iska da mai a injin da aka taɓa

Assalamu alaikum. Ni fita ne, wato makanike, a Suame Magazine nake aiki nan Kumasi, gida kuma Aboabo. Shekarun nan samarin mu na zango sun shigo da son ƙara ma mota ƙarfi, wani ya cire injin ya sa babba, wani ya ɗaura turbo, wani ya buɗe salansa ya sa filta mai kamar mazurari, ga kuma masu tasi da suka koma gas. Duk wanda ya taɓa inji ta ɗayan hanyoyin nan toh ya taɓa lissafin iska da mai ko ya sani ko bai sani ba, kuma tambayoyin da ake min a shago kusan iri ɗaya ne kullum, shiyasa na tara su wuri guda.

Masta, wai menene ma wannan lissafin iska da mai da kuke ta faɗi?

Inji ba mai kaɗai yake sha ba, iska ma yake sha, kuma iskar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kafin fetur ya ƙone tas, ba ragowar mai ba ragowar iska, ana buƙatar kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Da nauyi ake auna shi fa, ba da lita ba. In kana so ka gane yawan abin, lita ɗaya ta fetur tana neman iska wajen lita dubu tara kafin ta ƙone yadda ya kamata.

Toh in lambar ta sauka ƙasa da 14.7, kamar 12 ko 11, mai ya rinjaya kenan, mu a shago muna cewa inji ya ƙoshi. In ta hau sama, 16 ko 17, iska ce ta rinjaya, inji na jin yunwa. Yara sukan rikice a nan don suna ganin babbar lamba ita ce mai da yawa, a'a, babbar lamba yunwa ce.

Na ga wani geji yana nuna 1.00 ko 0.85 maimakon 14.7, ya lalace ne?

Lafiyar shi lau, da lamda yake maka magana. Lamda 1.00 shine daidai wurin da mai da iska suka ƙone tas, ko wane irin mai ne. A fetur lamda 1.00 shine 14.7, lamda 0.85 kuma 12.5 kenan, ka ninka kawai. Ni na fi son lamda saboda bata canzawa in ka koma gas, amma yawancin masu mota idon su ya saba da 14.7 sai in bar musu haka.

Motata ai tana da sensar oksijin daga kamfani, me zai sa in sayi wata?

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Sensar oksijin a salansa take zaune tana auna iskar da ta rage cikin hayaƙi, wadda ke yawancin tsofaffin motoci kuma ita ce ake kira naroban, Bosch ne suka ƙera ta, ta fara fitowa a Volvo a 1976. Wuta take bayarwa tsakanin bolt 0.1 zuwa 0.9, tana tsallake 0.45 daidai wurin 14.7. Abu biyu kacal ta iya faɗi, ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, amma nawa ne yawan, bata sani ba. Ko kana 13.8 ko kana 11.5 kusan abu ɗaya zata nuna maka, alhali tsakanin lambobin nan biyu a injin turbo akwai ran fistan ɗinka gaba ɗaya.

Akwai geji masu araha da ake sayarwa masu fitilu ja da kore suna ta yawo hagu da dama, ana haɗa su da wayar naroban ɗin nan. Suna ƙawata gaban mota da dare, amma dan Allah kar ka dogara da su wajen saita inji. Abinda kake buƙata shine waidban, ita ce take faɗa maka ainihin lambar, daga wajen 10 har 20 a yawancin geji. Sensar da ta fi yawa a kasuwa yanzu Bosch LSU 4.9 ce, kafin ita akwai 4.2, NTK ma suna yin tasu, su kuma irin su AEM da Innovate da PLX suna yin gejin da kwakwalwar da ke tafiyar da sensar. Ba'a haɗa waidban kai tsaye da waya a ce an gama, dole sai da wannan kwakwalwar tata don ita ke riƙe zafin sensar a inda ya kamata, wajen digiri 780 a LSU 4.9.

Amma fa ka duba motarka tukuna. Toyota da Honda da yawa na shekarun 2000 zuwa sama, da Volkswagen da dama, sensar gaba tasu waidban ce tun daga kamfani, kana iya karanta ta da na'urar OBD, wadda ake jonawa a mota ta karanto bayanan kwamfutar ta. A Toyota zaka ga wajen bolt 3.3 in komai daidai ne, in ta hau sama yunwa ce, wato akasin naroban, kar ka karanta ta da idon tsohuwar.

Wace lamba ya kamata in gani?

Ya danganta da abinda ƙafarka ke yi.

A silo, wato inji na aiki ba'a taka wuta ba, da kuma tafiya ta hankali, kamar kana bin cunkoson Kejetia ko kana tafe sannu a hanyar Ejisu, in inji ya yi zafi lambar zata riƙa wasa kusa da 14.7, kamar 14.3 zuwa 15.1, tana hawa tana sauka. Wannan wasan ba matsala bane, kontrol bod, wato kwamfutar da ke raba ma inji mai, shi ne yake gyara kan shi. Da safe in ka tada inji da sanyi zata fara da ƙoshi, 12 ko 13, sannan ta haura a hankali.

In ka taka wuta har ƙasa a injin da ba turbo, so ake ta sauka tsakanin 12.5 da 13.2, nan ƙarfi yake. In kuma da turbo kuma bus ya shigo, wato turbo ya fara tura iska da matsi, ni ina neman 11.5 zuwa 12, kuma da man mu na yau da kullum mai oktan 91 na fi karkata wajen 11.5, ballantana da rana tsaka a watan Maris in zafi ya kai intaha. Ƙarin man nan ba don ya ƙone bane, sanyaya cikin silinda yake yi yana hana nokin, wato fashewar mai ba kan ƙa'ida ba cikin silinda. In ka ga 13.5 ko 14 alhali turbo na turawa, ɗaga ƙafa nan take, kar ka ce bari in ga ko zata gyaru.

In ka ɗaga ƙafa mota na gangara cikin giya, geji zai tafi can ƙarshen yunwa ko ya nuna layi-layi kawai. Mutane suna tsorata su kira ni, toh ba komai, kontrol bod ne ya yanke mai gaba ɗaya tunda ba'a buƙata, iska zalla ke wucewa.

Toh wanne ya fi haɗari, ƙoshi ko yunwa?

Yunwa a lokacin da inji ke ɗauke da kaya, ita ke kisa kuma bata jira. Bari in ba ku abinda ya faru a hannuna. Wani ƙanen mu ya kawo mota mai silinda huɗu da aka ɗaura ma turbo, ni na yi aikin haɗawa, na ce mishi mu sa waidban ya ce Masta kuɗi sun ƙare sai wani wata, ni kuma na bari ya tafi saboda a cikin gari motar lafiya lau take, silo mai kyau, ba hayaƙi, fulogi ma launin shi ba laifi. Sati biyu ya ɗauki mutane huɗu zasu biki Mampong, a hawan dutsen nan ya taka wuta ya riƙe, kafin su kai sama inji ya fara tari sai hayaƙi. Da muka buɗe, gefen fistan na uku ya narke kamar an sa mishi wutar walda. Famfon mai ne ya gaza, a ƙaramin aiki yana iya bayarwa amma da aka nemi mai da yawa na tsawon lokaci sai ƙarfin shi ya faɗi, kuma babu abinda zai gaya ma direba. Da akwai geji a gaban shi da ya ga lambar tana hawa 13, 14, da ya ɗaga ƙafa. Abin ya daɗe yana damuna don yaron bashi ya ci ya yi aikin nan, tun daga ranar ban ƙara barin motar turbo ta fita daga shago ba waidban ba, ko mai ita zai ji haushi.

Ƙoshi shima ba alheri bane, sai dai shi a hankali yake ci. In kana yawo a 10 ko ƙasa, fulogi zai yi baƙi, mai zai riƙa wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, ringi su ci, katalis, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ya yi zafi ya toshe, ga aljihu na kuka a gidan mai. Kuma ƙarfi ma raguwa yake, masu cewa a ƙara mai a ƙara gudu basu auna bane.

Ni salansa kawai na buɗe na sa filta babba, nima sai na auna?

Ba lallai ka sayi geji ka dasa ba, amma a auna sau ɗaya. Salansa ta baya kaɗai ba kasafai take canza abu sosai ba. Filta ce abin dubawa, musamman in motarka tana da sensar auna iska a bututun shiga, wadda ake kira MAF. An lissafa ta ne da faɗin bututun kamfani, in ka sa ta cikin bututu mafi faɗi sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ke shiga, kontrol bod ya ba da mai kaɗan, yunwa kenan. Ga kuma filtar da ake shafa ma mai, in ya yi yawa yana shafar wayar sensar, sai ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Kuma in ka bar filtar a buɗe kusa da inji iska mai zafi take zuƙa, ƙara ce kawai ka samu ba ƙarfi ba.

Ai kontrol bod yana gyara kan shi, me yasa bazai gyara wannan ba?

Yana gyarawa amma a iya inda yake sauraron sensa. A silo da tafiya ta hankali yana jin abinda sensar oksijin ke faɗi yana ƙara mai ko ya rage. Da ka taka wuta sosai, a yawancin tsofaffin motoci sai ya daina saurare ya koma kan jadawalin da kamfani suka rubuta mishi, jadawalin kuma na injin da ba'a taɓa ba ne. Kaga wurin da haɗarin yake shine daidai wurin da ya rufe kunne.

Wannan ne ma ya sa sauya inji yake ba mu wahala a Magazine. Mutum ya sayo inji hom yus mai lita 2.0 ya sa a inda 1.6 yake, ya bar tsohon kontrol bod, ko injekta na wani inji daban, mota ta tashi ta yi tafiya sai a ce an gama. Tashi daban, lafiya daban.

Da ƙaramar na'urar OBD da ake haɗawa da waya zan iya ganin wani abu?

Sosai ma, kuma ina ba kowa shawara ya mallake ta. Motocin da aka yi ma kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da OBD2, na Turai masu fetur daga 2001. Ka sa ƙaramar na'urar da ake kira ELM327 ka buɗe manhaja irin Torque ka nemi abinda ake kira fuwel tirim, guda biyu ne, na gajeren lokaci da na dogon lokaci. Suna nuna maka kashi nawa cikin ɗari kontrol bod ke ƙarawa ko ragewa. In jimlar su tana cikin 5 sama ko ƙasa, lafiya. In ta wuce 10 akwai abin nema. In ƙari ne babba a silo amma yana raguwa in ka ɗaga inji, nemi inda iska ke satar shiga, tiyo ya tsage ko gasket na manifol. In kuma ƙarin yana girma ne yayin da inji ke ɗaukar kaya, toh famfon mai ko filtar mai ko MAF. Lambar P0171 yunwa ce, P0172 ƙoshi, a inji mai gefe biyu P0174 da P0175 na ɗaya gefen ne.

Amma ka tuna abinda na faɗa a sama, tirim baya gaya maka abinda ke faruwa in ka taka har ƙasa.

A ina ake dasa sensar?

Nan ina so a natsu, don rabin sensocin da ake cewa jabu ne wurin dasawa ne ya kashe su. Ana huda salansa a yi waldar mazauni mai zaren M18 da 1.5. Ka tsaya kan mai walda ka nuna mishi wurin da kanka, kar ka aika yaro.

Ta zauna a rabin sama na bututu, ka ɗauka bakin bututun agogo ne, tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu. Ko yaya dai kar ta kwanta daidai ko ta kalli sama daga ƙasa, aƙalla ta ɗaga digiri 10, saboda ruwa yana taruwa cikin salansa in inji ya huce, in ya taɓa sensa mai zafi sai tangaran ɗin cikin ta ya fashe. Nisa kuma wajen santimita 45 daga kan inji, bayan inda bututun silinda duka suka haɗu. In da turbo, bayan turbo ake sa ta ba gaban shi ba, don zafi da matsin da ke gaban turbo suna ɓata karatu su ƙona ta, kuma a ɗan ƙara ja da baya in injin mai zafi ne sosai. Dole ta kasance kafin katalis. Sannan kar a sa ta dab da bakin salansa na baya, iskar waje tana komawa ciki a silo ta nuna maka yunwar ƙarya.

In an gama walda a toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci inji na silo a saurara, ko ƙaramin rami ne a gaban sensa sai an toshe shi.

Wayoyin fa?

Wuta ta fito daga layin da ke zuwa in an kunna makulli, da fis ɗin ta, kar a haɗa da layin koyil. Waya ta ƙasa a ɗaure ta wuri mai tsafta a jikin inji, in zaka kai karatun cikin kontrol bod toh su haɗa wuri ɗaya da ta kontrol bod ɗin, in ba haka ba geji zai ce 12.0 kwamfuta ta ce 12.6 ka rasa wa zaka yarda da shi. Kuma dan Allah a gaya ma masu aikin waya kar su yanke soket ɗin sensar su haɗa kai tsaye, akwai ɗan resista a cikin soket ɗin da aka saita ma wannan sensar ita kaɗai tun daga kamfani. LSU 4.2 da 4.9 ma ba'a musanya su, kowace da kwakwalwar da ta san ta.

Sensa ta biyu kenan ta mutu min cikin wata shida, meke kashe su?

Na farko ɗabi'ar kunna makulli a zauna ana waya ko ana jiran mutum inji bai tashi ba. Sensa ta yi zafi jau, sai ka tada inji raɓar cikin salansa ta watso mata, shikenan. Ka kunna ka tada kawai. Na biyu barin ta cikin salansa ba wuta, in ka cire geji toh cire sensar ma ka toshe ramin, in ba haka ba baƙin hayaƙi zai toshe ta. Sai inji mai shan baƙin mai, ko mai ƙona ruwan lagireto saboda gasket, da kuma gam ɗin silikon da ake shafawa ko'ina wanda ba'a rubuta cewa ya dace da sensa ba.

Fetur mai dalma yana kashe ta da sauri, amma wannan Ghana ta daina shi fiye da shekara ashirin. Abinda ya fi kusa da mu shine manganis. Zaku tuna ƙarshen 2023 da masu motoci suka yi ta kuka mota na tari ana ta canza fulogi, har NPA, hukumar man fetur ta Ghana, ta fito ta yi bayani akan yawan manganis a man da aka shigo da shi. Yana barin wani jan ƙasa-ƙasa a kan fulogi, kuma irin shi yana zama a kan sensa da katalis.

Jabu kuma akwai su, ba musu. In farashin ya yi araha fiye da hankali, ko a Magazine ne ko Abossey Okai ta Accra ko ta intanet, ka yi hattara.

Geji zai iya yin ƙarya?

Zai iya, kuma wannan ya kamata kowa ya riƙe. Sensar nan oksijin take gani. In silinda ɗaya bata kama wuta ba, koyil ko fulogi ya mutu, iskar da bata ƙone ba zata wuce ta kan sensa geji ya nuna yunwa, alhali ɗanyen mai ne ke fita. Wanda bai sani ba sai ya ƙara mai, abu ya ƙara lalacewa. Ramin salansa ma haka yake yi. Injin da aka sa ma kam mai tsayi, wato sandar da ke buɗe bawul, shima yakan nuna yunwa a silo ba don yana jin ta ba.

Na biyu, sensa ɗaya matsakaicin duka silinda take baka. Injekta ɗaya ya toshe rabi, sauran ukun suna zuba da ɗan yawa, geji ya ce 12 ka ji daɗi, alhali silinda ɗaya na can tana 14. Shiyasa kafin in saita kowace mota sai na cire injekta an gwada zubar su tare a ga ko sun yi daidai. Inji mai gefe biyu kamar V6, ka san wane gefe kake karantawa.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, inji da zafi a tafiyar hankali ta tsaya kusa da 14.7, in na ɗan buga totur ta faɗo ƙasa nan da nan, in na ɗaga ƙafa cikin giya ta tafi ƙarshen yunwa. In tana jan jiki wajen amsawa ta tsufa. Wasu na Innovate suna son a fito da sensar a saita ta cikin iskar waje lokaci-lokaci, ka karanta takardar naka.

Iyayen gidan mu da launin fulogi suke ganewa, yanzu ya daina aiki ne?

Bai daina ba, ni ma da shi na koya kuma har gobe ina cire fulogi in duba, don shi ke nuna maka silinda ɗaya-ɗaya wanda geji baya yi. Fari fat da ɗigo-ɗigo kamar barkono alamar zafi da nokin ne, baƙi mai gari ƙoshi ne. Amma fulogi labarin jiya yake baka, duk tafiyar da aka yi a haɗe, silo da gudu da komai, kuma man yanzu baya rina shi kamar na da, ga manganis da ke iya shafa mishi ja ka ɗauka lafiya ce. A haɗa biyun.

Tasi na a gas take, lambar ɗaya ce?

Gas na neman iska wajen 15.5 ga kilo ɗaya, amma gejin da aka saita ma fetur zai ci gaba da nuna 14.7 in gas ɗin ya ƙone daidai, saboda a ciki lamda yake aunawa sannan ya ninka. Don haka ka karanta shi kamar yadda ka saba. Abinda nake roƙon direbobi shine su daina matse sukurun gas don tsimi har mota ta koma yunwa. Na san kuɗin sel da ake kai ma mai mota yana jira kuma kowane sidi da lissafin shi, amma yunwa a gas ita ke kawo harbin nan ta baya da ke fasa akwatin filta a masu tsohon tsarin miksa mai haɗa gas da iska a bututun shiga, kuma tana cin bawul da mazaunin shi tunda gas busasshe ne baya sanyaya su kamar fetur. Abinda ka tara a wata uku sai ka kai ma mai gyaran kan inji. A saita shi da geji, a fetur da gas duka, kuma a riƙa duba gibin bawul akai-akai.

Mai kafireta fa, ko dizal?

Kafireta ma waidban na mata aiki sosai, har ta fi buƙata tunda ba kwamfutar da zata gyara mata. Sukurun gefe silo kawai yake saitawa, in a gudu take yunwa sai an canza jet, kuma a fara duba tsayin mai a cikin kofin ta.

Dizal lissafin shi daban ne, kullum da rarar iska yake aiki, kuma a wurin shi ƙarin mai ne ke kawo zafi da baƙin hayaƙi. Masu Sprinter da suka buɗe famfo, gejin zafin hayaƙi ya fi muku amfani.

Yaya ake gwajin a hanya?

Mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon geji, ko a ɗora waya tana ɗaukar bidiyon geji da agogon inji tare, in naka yana ajiye bayanai a kwamfuta ya fi. Direba idon shi a hanya, ba'a tuƙi ana leƙen lamba. A nemi hanya mai sarari da sassafe inda ba mutane ba makaranta ba kasuwa, ba cikin gari ba. Inji ya yi zafi, tanki ya wuce rabi, a sa giya ta uku daga wajen 2,000 a taka, amma karon farko kar a kai ƙarshe, a tsaya a 4,000 a duba, in lambar na inda ake so a ƙara gaba kaɗan-kaɗan. Mai kallo in ya ga ta haura ko ya ji ƙarar nokin kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, ya ce ɗaga, direba kuma ya ɗaga ba gardama.

In lambar tana kyau a ƙasa amma tana hawa yayin da inji ke ƙara juyi, kayan mai ne suka kai iyakar su. A sa gejin matsin mai a gani, yawancin masu bututun komawa tanki matsin su wajen bar 3 yake, kuma a turbo dole matsin ya riƙa hawa tare da bus. In injekta suna buɗe fiye da kashi 85 cikin ɗari na lokaci sun yi ƙanana, ba wani saiti da zai cece ka sai manya. A gwada kuma da rana da kaya a mota da AC a kunne, a samu hawa mai tsawo, tunda motar da ta yi kyau da asuba ita kaɗai ba lallai ta yi haka a hanyar Tamale da mutum biyar ba.

In an gama saiti zan iya cire gejin in sayar?

In motar ba turbo kuma gyaran kaɗan ne, cire abinka ka toshe ramin da murfin shi mai zare, ka dawo a sake aunawa duk sanda ka canza wani abu a inji. In da turbo ka bar shi inda idonka ke kaiwa, kuma in naka yana da ƙararrawa a saita ta ta yi kuka in lambar ta wuce 12.5 alhali bus na ciki. Famfon mai yana tsufa, filta tana toshewa, wani lokacin ma man da ka sha a hanya ne ba kyau, duk waɗannan a geji zaka fara ganin su kafin kunne ya ji komai.